Wasiƙa zuwa ga Edita: Ba sunan kamfani kaɗai ke sa fistol ta tashi ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ce to meye ruwan mai karanta jarida da maganar bindiga, amma ni a ganina da ruwan kowa, domin jami'in nan da kake gani tsaye a bakin banki ko wanda ke rako matafiya a hanya ɗan wani ne, mijin wata ne, uban wasu ne, kuma ƙaramar bindigar da ke ƙugunsa ita ce abu na ƙarshe da zai kai wa hannu in rana ta ɓaci.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki waya na fara rubutun nan shi ne wata muhawara da aka yi a majalisarmu bayan la'asar. Wani yaron maƙwabcina ne ya miƙo min wayarsa yace Baba kalli wannan, sai ga wani Bature ya binne fistol ƙirar Glock a cikin taɓo, ya tono ta ya girgiza ya harba ta tashi. Yaron yace ai Baba ita wannan ba ta taɓa cijewa, da za a saya wa jami'anmu ita da an huta. Sauran duk suka ce haka ne. Ni kuwa na yi shekara ashirin da 'yan kai ina kula da ɗakin makamai kafin in yi ritaya, bindigogin da suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba, kuma wallahi ban taɓa ganin fistol ɗin da ba za ta cije ba in aka wulaƙanta ta. Na gaya masa haka, amma majalisa ba wurin dogon bayani ba ce, shi ya sa na ce bari in kawo nan.

Ita fistol mai ɗana kanta ba kamar libarba ba ce irin ta da mai juya ciki. Libarba yatsanka ne ke yin aikin, ka ja kunama ta juya ta kawo harsashi na gaba, in ɗaya ya ƙi tashi ka sake ja ka wuce shi. Fistol kuwa ƙarfin harsashin da ya tashi shi ne ke yi mata komai: shi zai tura marfin sama baya, wanda mu a wurin aiki muke ce wa silaid, wata 'yar ƙugiya ta fizgo kwanson da ya ƙone a cillar da shi waje, sannan sifirin ya dawo da silaid ɗin gaba, a hanyarsa ta dawowa ya kwaso sabon harsashi daga magazin, wato ɗan gwangwanin da ake jera harsasai a ciki, ya cusa shi a bututu. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. To kaga kowane ɗaya a cikinsu sai ya yi aikinsa daidai kuma a kan lokaci, in sifirin ya gaji, ko harsashin ba shi da ƙarfi, ko leɓen magazin ya ɗan buɗe da abin da bai kai kaurin farce ba, shi ke nan ta tsaya, kuma ba ruwanta da sunan da aka rubuta a jikinta.

Ba wai ina raina Glock ba ne, a'a, ni ma ina girmama ta, kuma tarihinta ma abin koyi ne. A 1980 ne sojojin Ostiriya suka ce suna neman sabuwar fistol da za ta maye tsohuwar Walther P38 da suke riƙe da ita tun ta zamanin yaƙin duniya na biyu. Shi Gaston Glock lokacin bai taɓa ƙera bindiga ba, sandunan labule yake yi da wuƙaƙe na soja da kayan roba. Amma dubi sharuɗɗan da aka gindaya: a harbi 10,000 na farko ba a yarda ta sami tangarɗa fiye da 20 ba, ko da ƙaramar tangarɗa ce wadda za a gyara da hannu, a sake ta daga tsayin mita 2 a kan farantin ƙarfe kada ta tashi da kanta, bayan harbi 15,000 a kwance ta a duba inda ta ci, sannan a sa mata harsashin gwaji mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida a ga ko za ta fashe. Ya kawo tasa mai gangar jikin roba da kaya 34 kacal a cikinta, magazin ɗinta na cin harsashi 17, ta doke tsofaffin kamfanoni aka karɓe ta a 1982. Abin da nake so a lura da shi, su da kansu masu gwajin ba su ce kada ta cije ko sau ɗaya ba, cewa suka yi kada ta wuce 20, saboda sun san inji ne. Kuma ba bidiyo suka kalla suka saya ba, harsashi suka ƙona suka ƙirga.

Haka Amurka ta yi tun kafin a haifi iyayenmu. Fistol ɗin John Browning da kamfanin Colt ya ƙera, wadda sojojinsu suka karɓa a 1911, sai da aka harba harsashi 6,000 da guda ɗaya cikin kwana biyu, in ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, abokiyar takararta ta kamfanin Savage kuwa ta sami tangarɗa 37. Ita ta Colt ɗin ta zauna a hannun sojan Amurka har 1985, shekara saba'in da huɗu kenan. Amma duk wanda ya san harkar zai gaya maka a ƙarshen zamaninta sojoji na kuka da ita, ta yi sako-sako tana kaɗawa, domin yawancin waɗanda ke hannunsu ƙirar lokacin yaƙin duniya na biyu ne ana ta yi musu kwaskwarima. Ƙirar ba ta canza ba, tsufa ne ya kama ƙarfen.

Labarin da ya fi shafarmu mu mutanen ƙura shi ne na Beretta M9, wadda ta gaji waccan a 1985. Ita ma ta ci gwaji mai tsanani kafin a ɗauke ta. Da farko an sami 'yan lokutan da silaid ya tsage ya yi baya ya ji wa mai harbi ciwo a fuska, kamfanin ya ƙara wani abu da zai tare shi ko da ya karye. Amma babban abin kunyar sai da aka je Iraƙi ya fito, sojoji suka dinga ƙorafi bindiga na cijewa bindiga na cijewa, kowa na zagin Beretta, da aka bincika sai aka gano mafi yawan matsalar daga magazin ce. An ba wani ɗan kwangila ya ƙera magazin masu yawa, kuma irin shafen da aka ce a yi musu mai kaushi ne, garin yashin hamada ya shiga ya manne a ciki, harsashi ya kasa hawowa sama. Da aka canza shafen zuwa mai santsi sai ƙorafin ya ragu sosai. Kaga ƙasa mai kuɗi kamar Amurka, bindiga daga kamfanin Italiya da ya haura shekara ɗari huɗu yana wannan sana'a, amma ɗan gwangwanin da ake zuba harsashi ya kusa zubar musu da mutunci. To ina ga mu da hunturu ke zuwa mana duk shekara da ƙurar da ko agogon hannu sai ta shiga?

Ni na gani da idona. Wata shekara cikin tsakiyar hunturu muka fita filin harbi, a wani wurin aiki da ba sai na faɗi sunansa ba. Akwai wani yaro kofur, natsattse mai ladabi, kullum kayansa a goge takalminsa na ƙyalli. Aka ba da umarni, ya harba na farko ya tashi, na biyu shiru, silaid ya tsaya a rabin hanya. Ya buga ya ja, ya sake harba ɗaya, ta sake tsayawa. Na ce kawo ta nan ɗana. Daga waje bindigar nan tas take har tana sheƙi, amma da na zare magazin na cire gindinsa sai ga wani baƙin abu kamar kwaɓaɓɓen kwalli ya cika ciki, sifirin ɗin ya nutse a ciki, na danna faifan da ke tura harsashi da ɗan yatsa ya tafi ƙasa ya ƙi dawowa. Nace me kake sa mata? Yace Oga baƙin mai ne, wurin bakanike nake karɓowa, tunda ba a ba mu man bindiga ba kuma ina tsoron tsatsa. Har cikin magazin yake ɗurawa saboda ƙauna. Man ya haɗu da ƙurar wata uku ya zama laka. Ban iya yi masa faɗa ba wallahi, jikina ne ya yi sanyi, domin yaron nan sati biyu kafin ranar ya dawo daga rakiya a hanyar da kowa ya san ba lafiya, da wannan bindigar a ƙugunsa, yana tafe yana ganin yana da kariya. Na zaunar da shi a kan benci muka wanke ta da kananzir muka shanya, na nuna masa inda ake ɗiga mai, ɗigo-ɗigo a kan hanyar da silaid ke bi da bayan bututu, magazin kuwa a bar shi a bushe a goge da tsumma kawai. Ya koma layi ya juye magazin biyu ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Bindigar da da safe ake cewa ta mutu a mayar da ita sito kenan.

Kuma abin ya danganta da inda kake. Na yi aiki a kudu wajen bakin ruwa na 'yan shekaru, can ba ƙura ce abokiyar gaba ba, laima ce da gumi. Mutum zai soke fistol a ƙugu ba kube, fatar cikinsa na gogar ƙarfe tun safe har dare, gumi kuma gishiri ne, kafin wata guda sai kaga gefen da ke jikin mutum ya yi ja. Can dole ka ƙara mai, nan arewa dole ka rage. Shi ya sa nake mamakin yadda ake ba kowa umarni iri ɗaya daga Fatakwal har Maiduguri, in ma an bayar kenan.

Sai harsashi, wanda shi kam ba wanda ke maganarsa. Harsashi yana daɗewa sosai in an ajiye shi a akwatinsa a rufe wuri mai sanyi da bushewa, amma wanda aka ba mutum ya loda da safe ya sauke da yamma, gobe ma haka, jibi ma haka, shekara da shekaru harsasan nan dai su ne, wannan kam yana gajiya. Na saman da kullum ake cusawa a bututu a fitar, kansa yana nutsewa cikin kwanso a hankali, gefen gindinsa duk ƙugiya ta cinye shi, ga mai na tsiyayowa yana shiga wurin da wuta ke kamawa. Ranar da ake buƙata sai kaji ƙyas, ba ƙara. Wani kuma ya tashi da rabin ƙarfi kan harsashin ya maƙale a cikin bututu, in mutum bai lura da cewa ƙarar ta bambanta ba ya sake harbawa a kai, bututun ne zai kumbura ko ya fashe a hannunsa. Akwai kuma tsofaffin harsasan Tokarev, fistol 'yar Rashan nan mai cin harsashi 8 da Chaina ma ta kwaikwaya, da yawansu suna barin wani gishiri a bututu bayan harbi, in ba ka wanke a ranar ba kwana biyu ya isa tsatsa ta fara cin ciki. Ita Tokarev ƙarfe ce mai taurin rai ba ƙarya, amma asalinta ba ta da makullin kariya na kirki, kuma wannan ma wani ɓangare ne na aminci da mutane ke mantawa. Bindigar kirki ba wadda ke tashi in an ja kunama kaɗai ba ce, har da wadda ba ta tashi in ba a ja ba. Ko SIG P320 da sojan Amurka suka zaɓa a 2017, a wannan shekarar ta 2017 aka nuna cewa wadda ake sayar wa jama'a tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, sai da kamfanin ya ce a kawo ya canza wasu kaya kyauta. Ita kanta Glock a 2011 sai da ta canza wa mutane sifirin na sabon samfurinta na huɗu. Ba wanda ya fi ƙarfin gyara.

Wadda na fi sani kamar tafin hannuna ita ce wata fistol ta daban, Browning mai cin harsashi 13, wadda aka fara ƙerawa a kamfanin FN na Beljiyam a 1935. Shi Browning ya rasu tun 1926 bai ga ƙarshenta ba, wani injiniyan kamfanin mai suna Dieudonné Saive ne ya kammala. A yaƙin duniya na biyu ɓangarorin biyu duk sun riƙe ta, Jamusawa da suka mamaye masana'antar, su kuma sojojin ƙawance ana ƙera musu a Kanada. Mu nan ma ba baƙuwa ba ce, har masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ta ƙera irinta. Ingila ba ta ajiye ta ba sai 2013 da ta sayi Glock 17 sama da 25,000. Na riƙe Browning da ta girme ni a aiki, baƙin jikinta duk ya koɗe ta koma fara, amma in ka sa mata sabon sifirin da magazin mai lafiya sai ta yi ta aiki kamar keken ɗinki. Na kuma riƙe wadda ba ta kai rabin shekarunta ba amma ta zama gawa, saboda an cire mata ƙugiya an sa wa wata, an cire wa wata fil an sa mata, har aka rasa wacce ce wacce. Wannan cire-nan-sa-can ɗin shi ne ya fi kashe mana bindigogi, ba harbi ba. Gaskiya ma yawancin fistol ɗin da na sani ba harbi ne ya tsofar da su ba, don wasu sai su shekara ba su ƙona harsashi hamsin ba, zama ne da rashin kula.

Sifirin ɗin da ke dawo da silaid kuwa kamar filogin babur ne, abu ne mai ƙarewa, masana na cewa a canza shi bayan harbi 3,000 zuwa 5,000 gwargwadon irin bindigar. In ya gaji aka ƙi canzawa, silaid zai dinga dukan gangar jikin da ƙarfi har wata rana ta tsage, ka yi asarar bindiga sukutum saboda ɗan abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. To amma ta yaya za ka san ta yi harbi 3,000 in ba littafin da ake rubutawa? Ni da kaina na sayi littafi mai bangon kwali na tsaga layi, kowace bindiga da shafinta, lambarta, ranar da ta fita, harsashi nawa ta ci, me aka canza mata. Wasu abokan aiki suna ganin wahalar da kai ne, amma da littafin nan na san wacce zan ba wanda zai tafi hanya mai haɗari da wacce zan riƙe sai an gyara.

Sannan akwai hannun mai riƙewa. Fistol mai ɗana kanta tana buƙatar a riƙe ta gam domin silaid ya sami abin dogara ya yi baya, in wuyan hannu ya yi laushi sai ƙarfin ya tafi a banza, kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da ake cillar da shi. Marasa nauyi masu jikin roba ma sun fi saurin nuna wannan. Na sha ganin bindiga ɗaya ta ƙi wani ta yi wa wani aiki lafiya lau cikin minti biyar. Kuma in ta cije, bugun gindin magazin da jan silaid a ci gaba abu ne na daƙiƙa biyu ga wanda hannunsa ya saba, wanda kuwa rabonsa da filin harbi tun yana makarantar horo sai ya tsaya yana leƙen bindiga, a lokacin da ba a tsayawa.

Kada wani ya ɗauka ina kwaɗaita wa matasa riƙe bindiga ne, Allah ya kiyaye. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin waɗanda aka haramta wa mutum mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma na goyi bayan haka ɗari bisa ɗari, abin da muka gani a ƙasar nan na yawaitar makamai ya ishe mu kuka. Waɗanda ake ƙerawa a ɓoye a maƙera kuwa na ga hannun da suka raba da yatsu. Maganata a kan waɗanda hukuma ta ɗora wa amanar riƙewa ce.

Roƙona Malam Edita, duk ranar da aka kira 'yan jarida bikin miƙa sababbin bindigogi, dan Allah wakilinku kada ya tsaya a ɗaukar hoton akwatuna. Ya tambaya an gwada su a ƙurarmu cikin watan Janairu da zafin Afrilu kafin a biya kuɗi, ko takardar kamfani aka karanta kawai? Magazin nawa kowace ta zo da shi, kuma na asali ne ko na ɗan kwangila? An sayo sifirin da ƙugiya da fil na canji tare da su? Akwai mai da buroshi da kube? Mutum nawa aka tura koyon gyaransu, kuma harsashi nawa aka ware wa kowane jami'i ya harba a shekara don hannunsa ya saba? In aka ba shi amsa ya buga mana mu karanta, in aka ƙi ba shi ma ya buga cewa an ƙi.

Shi yaron nan kofur har yanzu yana cikin aiki, ya zama sufeto, da sallar da ta wuce ya kira ni muka gaisa yace Oga har yau magazin ɗina a bushe yake, kuma duk yaron da aka kawo ƙarƙashina sai na zaunar da shi ya kwance nasa a gabana. Allah ya tsare shi da sauran 'yan uwansa da ke kwana a hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode da wannan fili, a gaida mutanen ofis.

Naku,
Tsohon mai kula da ɗakin makamai,
daga Kaduna.